Rundunar da Mai Walda Ya Ɓoye a Daji

Mai walda ne, kuma a layinsu da wuya ka ga ƙofar ƙarfe ko tagar da ba ta bi ta hannunsa ba. Mutum ne marar yawan magana, bayan hannuwansa duk tabon tartsatsin wuta. In ya ce maka ƙofa za ta fito ran Talata, ran Talata za ka same ta a jingine, fenti bai gama bushewa ba. Shi ya sa mutane suka riƙe baki da suka ji wai a wasan kwamfuta babu maƙaryaci irinsa.

Ya haura hamsin kafin ya fara. Wata rana aka ɗauke wuta, aiki ya tsaya, ya shiga shagon maƙwabcinsa mai gyaran kwamfuta, wanda ke da janareta, ya tarar ana buga wani wasan yaƙi na tankoki da jirage masu farfela. Kowa da sansaninsa, babu mai jiran wani, taswira kuma a rufe take da duhu sai inda sojanka ya taka. Abin da ya kama shi, ba ƙarfi kaɗai ke ci ba. Kana iya tura tankokin katako abokin gaba ya ɗauka na ƙarfe ne, ko ka kashe rediyon rundunarka ta ɓace masa ɓat. Kafin shekara ta zagayo babu mai iya karawa da shi a layin, aka laƙaba masa Janar. Matarsa takan ce, "Janar ɗin da ko kaza sai an yanka masa."

Cikin 'ya'yansa Auta ce kaɗai ta koya. Har ta zama malamar makaranta, duk Asabar sai sun kara, kuma mafi yawan lokuta ita ke tashi tana ƙunƙuni.

Wata safiya mai kwamfuta ya ji ƙarar faɗuwar ƙarfe, ya leƙo ya sami mai walda kwance a ƙasa. Da aka sallamo shi daga asibiti ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta tafi, sai "to, to" kawai. Likita ya ce mai yiwuwa yana gane abin da ake faɗa, amma iya nawa, sai a hankali za a sani.

Yaya Babba, ɗansa na fari, ya zo daga garin da yake aiki. A tsakiyar falo, a gaban uban, ya ce, "Mama, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Baba ba ya gane komai. A mayar wa masu shago shagonsu, ni zan tafi da ku wurina gobe."

"Yaya, yana jin ka fa," in ji Auta.

"Yana ji na? To ya ce wani abu mana. Ke kina ganin daɗi nake ji?"

Auta ta san ba mugunta ba ce. Ta dubi uban, ya ƙura wa bango ido, yawu na bin gefen bakinsa. Ita kanta ba ta da tabbas. Duk da haka ta ce, "Bari mu buga wasa da shi sau ɗaya. In ka ga babu, ba zan ƙara cewa uffan ba."

Da la'asar mai kwamfuta ya zo ya haɗa musu na'urori biyu a kan teburin cin abinci, suna fuskantar juna, ya mayar da linzamin kwamfutar uban hannun hagu. Yaya ya je ya tsaya a bayan uban, sai tsohon ya shiga gurnani yana bubbuga tebur, har sai da Yaya ya bar wurin ya dawo bayan Auta.

Auta ta zauna gaban nata allon. In ta sassauta masa, ta yaudari kanta. In ta dage kuma, wataƙila ita ce za ta nuna wa kowa cewa Baba ya tafi ya bar gangar jiki. Ta yi bisimilla, ta kafa manyan bindigoginta a bakin gadar da ta raba su.

Aka daɗe babu motsi. Can sai ga tankoki a jere sun hau gada. Ta buɗe musu wuta, suka tarwatse, itace na tashi sama.

"Na katako ne!" Ta juyo da murna. "Yaya, ka gani? Dabara ce."

Ba ta rufe baki ba wasu suka biyo ta hanya ɗaya, kai tsaye cikin bakin bindiga. Waɗannan suka kama da wuta, baƙin hayaƙi ya turnuƙe. Na ƙarfe ne, na gaske. Tun da take ba ta taɓa ganin Baba ya zubar da tankin gaske a banza ba. Ragowar kuma suka yi ta zagaye a bakin kogi kamar tumakin da suka ɓata.

"Wannan ma dabarar ce?" Yaya ya tambaya a hankali.

Ta ɗaga kai ta saman allo. Hannun uban na karkarwa, linzami na zamewa, jijiyar wuyansa ta miƙe. Mama ta juya ta shige ɗaki. Auta ta kwashe duk sojojinta, ta ƙetare gada, ta nufi sansaninsa tana addu'ar wani abu ya tare ta. Babu abin da ya tare ta. Linzamin uban ya suɓuce ya faɗi ƙasa, kafin mai kwamfuta ya ɗauko masa har ta rushe hedikwatarsa.

Yaya ya dafa kafaɗarta. "Kin yi iya yinki, Auta. Rufe kawai."

"Dakata, kar ki rufe," in ji mai kwamfuta. Idan wasa ya ƙare duhun taswira yakan yaye, komai ya fito fili. Ya sa yatsa a kusurwar allonta. "Mene ne wannan?"

A cikin dajin da ke bayan sansaninta, wanda ta bari babu ko soja ɗaya, ga rundunar uban jibge, fiye da rabin abin da ya mallaka. Rediyonsu a kashe, tankoki a gaba, bindigogi a baya, kowanne ya juya baki ga hedikwatarta. Ta can nesa ya zagayo da su, ta wani mashigin ruwa.

"Na gasken da ya ƙona a gada, don ki yarda ya rikice ne ki fito," in ji mai kwamfuta. "Kin kuwa fito. Saura ya ja linzami ya danna, hannun ne ya ƙi."

Uban ya daki tebur da hannun hagu, kofi ya kife. Hawaye na zuba ta ido ɗaya, na baƙin cikin wanda nasara ta kuɓuce masa. Yaya ya daɗe yana kallon allon da bai fahimta ba. Sannan ya zagaya, ya durƙusa a gaban uban, abin da bai yi ba tun zuwansa.

"Baba, za ka bi ni?"

Tsohon ya girgiza kai.

"Shagon fa, a mayar?"

Ya ƙara girgizawa, da ƙarfi wannan karon.

Yaya ya koma shi kaɗai washegari. Har yau yana cewa da sun fi samun kulawa a wurinsa, kuma Auta ba ta musa masa, don ita ke ganin yadda bayan Mama ke ciwo wajen ɗaga shi. Wani mai walda ya karɓi rabin shagon, da safe a kan tura tsohon a keke ya zauna a bakin ƙofa. Magana ta dawo kaɗan-kaɗan, hannun dama bai dawo ba. Yanzu mai kwamfuta ne ke riƙe masa linzami, shi kuma yana nuni da guntun rodi, kullum suna faɗa saboda mai kwamfuta ya cika gaggawar kai hari.