Babban Yatsan Injiniya

Shekararsa sittin da huɗu, tsohon akawu ne mai cin fansho, kuma ko tocila bai taɓa gyarawa ta kama ba. Duk da haka Injiniya ake ce masa a unguwa. Shi ya ɗauka yabo ne.

Aiki ɗaya ya rage masa a duniya: kai jikokinsa biyu makaranta a tsohuwar motarsa. Matarsa, wadda ta shekara talatin a kan keken ɗinki, ta san in aka raba shi da wannan, sai zaman kujera da musu da rediyo.

Watan jiya totur ya fara maƙalewa. In ya taka sai ya ƙi dawowa, inji ya yi ta kururuwa. Matar ta ce ya kai wa bakanike.

"Waɗancan masu baƙin farcen? Ni da na riƙe fayil ɗin motocin ofis shekara ashirin?"

Ya buɗe bonet, ya juye wa wayar totur man kekenta, kwalba guda. Shiru. Ya bi da man girki. Da wannan ma ya ƙi, sai ya koma tuƙi ba takalmi, in totur ya maƙale ya sa babban yatsa ya ɗago shi. Har bayani yake wa maƙwabta, kamar wanda ya ƙera jirgi.

Ranar Litinin yatsan ya kuskure a ƙofar makaranta. Allah ya taƙaita, tukwanen fulawa biyu kawai suka fashe. Da yamma matar ɗansa ta zo daga sashensu, ta durƙusa.

"Baba, da kun huta haka. In motar ba ta gyaru ba zuwa Juma'a, motar makaranta za ta riƙa ɗaukarsu."

Matarsa ta fita ta leƙa ƙasan sitiyari. Mai ɗinki ta san abin da ke riƙe feda. Guntun kafet ɗin falo ne da ya yanka ya shimfiɗa don ado, bakinsa mai kauri yana danne totur. Ta janye shi, ta danna da hannu, totur ya dawo ɗas.

"Malam, ga ciwon motarka."

"Ke da ba ki wuce zare da allura ba? Man da na zuba ne ya fara aiki."

Ta cusa kafet ɗin bayan ƙofar kicin.

Safiyar Juma'a ta hango shi ta taga yana kakkaɓe kafet ɗin. Ya mayar da shi ƙasan sitiyari, har da ninkawa biyu, wai kada suruka ta ga mota tsirara. Ta ɗauki waya ta kira matar ɗansu.

"'Yata, sa su a motar makaranta."

Shi kuwa ya tuɓe takalmi, ya shiga mota, ya yi ta danna wa yaran da suka riga suka tafi hon.