Goriba Sha Uku

Shekarar fari ce, soja na mulki, yunwa ta kwashe ƴan lakwal daga aji zuwa talla. A kasuwar Attantane ga wani mushe, wato malamin boko, dogo, takalminsa ɗaure da waya, durƙushe gaban faifan goribar wata yarinya. Da gani ɗalibarsa ce ya biyo, kada karatunta ya mutu.

"Hamsatu, kasa mini sha biyu daidai wa daida."

Tana kasawa uku-uku, tana sakewa huɗu-huɗu. Ya ƙara guda. Duk yadda ta juya, sai an samu saura.

"Mushe, sha uku taurin kai gare shi! Sai ɗai-ɗai, ko a bar shi dunƙule. Bakwai ma haka yake!"

Yana dariya har hularsa ta faɗi. "Gobe ke za ki koya wa aji."

"In zo da goribar?"