Kwamfutar Malama Mardiya Ba Ta Lalace Ba

Duk wanda ya ce mini mutanen Kurfi ba su da tausayi zan ƙaryata shi. Tausayin ne ma ya yi mana yawa, har ya zama ciwo. Ku tambayi Malama Mardiya, wadda muke koyarwa tare a sakandaren 'yan mata.

Tana aji biyu a jami'a ciwon hawan ruwan ido ya tafi da ganinta. Ba ta zauna kuka ba. Wata malama a Dutsin-Ma ta nuna mata cewa kowace kwamfuta irin tata tana da mai karatu a cikinta, ba sai an saya ba. Maɓalli uku za ka danna tare, sai murya ta tashi tana faɗa maka duk abin da ke rubuce da duk harafin da ka taɓa. Da wannan muryar ta gama digiri, da ita take shirya darasin tarihi, kuma da saurin da ta sa mata ni ko kalma ɗaya ba na kamawa sai in ta rage mini.

Shugaban makarantarmu mutumin kirki ne, kuma nan matsalar take. Tun zuwanta yake neman ya karɓe ajinta ya ba wani, wai don ta huta. Ita kuwa ajin nan shi ne rayuwarta. Da ƙyar suka daidaita: in ta kawo tambayoyin jarrabawa da shirin zango mai zuwa da kanta ranar da kowa zai kawo, aji nata ne. Ta yi wata guda tana aikin, ta kusa gamawa.

To, Mardiya tana dushe hasken kwamfutar gaba ɗaya in tana aiki. Me za ta yi da haske? Cajin ma ya fi daɗewa, ga wuta ba kullum ba. Sai yayanta Rabo, mai sayar da hatsi, ya leƙo gaishe ta, ya ga fuskar kwamfuta baƙa ƙirin, ga wani bature yana ta zuba a ciki kamar rediyon da ya jiƙe. Tausayi ya kama shi. Tambaya ɗaya ta isa, amma a wurinmu babba ba ya shawara da ƙanwa in zai yi mata alheri, balle ƙanwa makauniya. Ranar kasuwar Dutsin-Ma, Mardiya tana gidan suna, ya sa kwamfutar a buhu ya kai wa Badamasi mai gyara.

Badamasi ya ga duhu, ya ji surutu, ya ce cuta ce ta shiga. Ya wanke ta tas, bai bar ko layi ɗaya ba.

Ina zaune a ɗakinta da la'asar Rabo ya shigo yana washe baki.

"Ƙanwata, ga kayanki. Na sa an gyara maki ita, yanzu haske tar. Wannan mutumen da ke damunki da surutu ma an fitar da shi."

Ta lalubo maɓallan nan uku ta danna. Muryar ta dawo, don ba inda ta je. Ta shiga inda take ajiye aikinta, muka ji muryar ta faɗa da Turanci cewa babu komai a wurin. Ta sake shiga. Babu.

Ni dai jinina ya hau. Na buɗe baki, ta dafa gwiwata.

"Allah ya saka da alheri, Yaya. Allah ya ƙara buɗi."

"Haba, mi na yi? Ai ɗawainiyarki wuyana take."

Wallahi na so in jefe shi da buta. Mutum ya ƙona maka rumbu, kuma dole ka durƙusa ka yi godiya, don in ka ɗaga murya gari ya ɗauka cewa ba ka da tarbiyya.

Ta sake zama, ta rubuta abin da ta iya tunawa. Rabin aikin kawai ta kai wa shugaba. Na bi ta ofis na rantse wa shugaba cewa na ji aikin da kunnena kafin a goge. Ya saurare ni har ƙarshe, ya girgiza kai cike da jimami.

"Kin gani ko, Malama? Abin da nake gudar mata ke nan. Wahalar ta yi mata yawa."

Ya ba wani ajin. Albashinta bai taɓu ba, kowa yana yaba masa. Yanzu kullum tana zuwa a kan lokaci, ta zauna a ɗakin malamai daga safe har a tashi. Jiya da na dawo daga aji ta ji takuna, ta juyo.

"Kin wuce ta wajen 'yan matana? Wane babi suka kai?"