Zaren kaset a gonar gero

A gidanmu na Unguwar Lalle ni ne masanin waya, ni na naɗa kaina. Ina da memori ƙarami kamar farcen jariri, kuma na sha gaya wa kakata cewa duk waƙoƙin ƙasar Gobir za su shiga cikinsa, har a samu wurin ɗaure akuya.

"To maigida, zuba min buhun gero ciki in gani," in ji ta. Sunan mijinta aka sa mini, shi ya sa take kirana haka. Ya rasu kafin a haife ni.

Bara da gero ya fara ido, tsuntsaye suka sauka gonarmu kamar an raba musu goron gayya. Kowa a nan ya san maganinsu: a zare tsohon kaset, a ɗaura zaren daga kara zuwa kara, ya riƙa walƙiya yana kuka cikin iska. Na tuna da wani kaset a ƙasan kwallar kakata, naɗe cikin tsumma. Ban tambayi kowa ba, na zare shi na ɗaura a gona. Tsuntsaye suka gudu, na yi mako ina cika baki.

Sai kawuna ya zo daga Isa da rakodar aro. Ashe kakata ce ta sa shi nemowa, shekara biyu tana roƙonsa. Ta buɗe kwalla, ta ga tsumma kawai.

A ranar na ji labarin. Lokacin da kakana ke fatauci a Nijar bai iya rubutu ba, sai ya yi magana a kaset ya ba direba ya kawo gida. Wannan ne kaɗai ya rage.

"Kai nike so ka ji muryar mai sunanka," ta ce. "Tashi, za ni gonar."

Da ta dake ni da na fi jin daɗi. Ta bi kara ɗaya bayan ɗaya tana naɗe zaren a mazarinta na kaɗi, ni ina biye da ita.

Mai gyaran rediyo a kasuwar Isa ya mai da zaren cikin kwanson kaset. Rana ta riga ta cinye shi. Shuu kawai ake ji, sai can tsakiya wani mutum ya yi tari sau biyu.

Na ɗauki tarin a wayata. Kakata na jin sa ta gyaɗa kai. "Shi ne. Daga nan sai ya tambayi lafiyar jar saniya kafin tawa."

Ita ta haddace sauran. Ni kuwa tari biyu na sani na kakana.