Koren da Mutanen Ƙauye Suka Sani

Ina tsaye a wani shagon fenti a Isa, ina jayayya da mai shagon a kan gwangwanin ruwan ɗorawa, sai wayata ta yi ƙara. Bello ne, ƙanen Malam Nomau. Na zaci zai ce in ƙaro samfefa, domin Malam ɗin da kansa ya aike ni da safe. Sai na ji ya ce: "Labbo, baro hwentin nan ka komo gida. Yaya ya cika." A kan bencinsa ya kishingiɗa, a gindin dogon yaron da yake aiki, dab da motata. Da aka zo tashinsa sallar azahar, aka tarar rai ya yi halinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na kasa jiran mota ta cika, na ɗare bayan mashin ɗin wani ɗan kasuwa, na iso Sabon Birni ana shirin sallar gawa. Tun daga ranar na kasa zama wuri ɗaya.

Ni direba ne. Ina jan wata tsohuwar a-kori-kura, koriya mai ratsin ruwan ɗorawa, ina kwaso mutane da kayansu daga ƙauyukan yankin Kurawa da Tsamaye zuwa kasuwa. Malam Nomau mai fentin mota ne a bakin tasharmu. Ya girme ni nesa ba kusa ba, amma girman bai hana shi tsokanata ba. Yakan ce da ana cin tuwo yana gari, da Labbo bai taɓa jiran tukunya ba. Ban taɓa musa masa ba, domin hannuna yana riga hankalina isa kan ham.

Wanda ba ɗan yankinmu ba ne zai yi mamakin yadda launin mota ya zama abin magana. Tun da muka shiga wannan hali na rashin tsaro, mutumin ƙauye ba ya fitowa bakin hanya don ya ji ƙarar inji. Sai ya leƙo daga bayan rumbu, ya ga mota, ya gane ta. In bai gane ta ba, ya ja iyalinsa su shige gero. A wasu ƙauyukan, motata kaɗai ce ke shiga. Ba su san lambarta ba, da yawansu ba su san sunana ba. Korenta suka sani.

Ana nan sai aka zo gyaran wani yanki na hanya. Na zo wucewa daidai lokacin da motar masu aikin ke feshin kwalta, iska ta juyo, ta yi wa motata wanka tun daga goshi har gindi. Masu wankin mota a tasha suka ce abu mai sauƙi ne. Suka taru mata da fetur da reza da soson waya. Kwaltar ba ta fita ba, sai damewa da ta yi, kuma inda ta fita ta tafi da fentin. Haka na shiga ƙauye ranar kasuwa da baƙar mota mai dabbare-dabbare. Na yi ham har na gaji, ko akuya ban gani ba. Daga baya na ji cewa akwai wani magidanci da ya shirya matarsa marar lafiya tun da sassafe yana jirana, da ya hango baƙar mota sai ya mayar da ita ɗaki. A amalanke ya kai ta asibiti, cikin rana. Allah ya yi da sauran kwananta, amma abin ya tsaya mini a rai.

Da na kai wa Malam Nomau motar, ya zagaya ta a hankali, yana shafa inda reza ta ci. Bai zagi kowa ba. Cewa kawai ya yi, "Kwalta ba a yi mata hwaɗa. Lallashinta aka yi." Ya jiƙa tsumma da kananzir, ya ɗora a kan tabo, ya koma benci ya zauna. Ni kuwa na yi ta safa da marwa. In ta yi laushi ya share da tsohuwar riga, ya wanke wurin da sabulu kada kananzir ya kwana a kan fenti, sannan ya matsa gaba da faɗin tafin hannu. Na ce, "Malam, a haka sai baɗi." Ya ce, "Baɗi ma tahe take. Zamna."

A cikin kwanakin ne wani ɗan akuya ya taka ɗanyar kwalta, ya shigo tasha yana ɗingishi, tsakuwa ta manne masa a kofato. Na miƙo kwalbar kananzir. Malam ya ture hannuna, ya aika aka karɓo man gyaɗa wurin mai ƙosai, ya rungume ɗan akuyan yana murza masa ƙafa kamar jikansa. "Kananzir na ƙarhe na," in ji shi, "mai rai sai man gyaɗa." Ita ma mai ƙosan shaida ce: duk tsawon zamansu, bai taɓa kunna injin feshi ba in iska na kaɗawa wajen kaskonta. Sai ya jira ta juya, ko da mai mota zai haɗiyi zuciya.

Da haƙurina ya ƙare, na ce masa ga farin fenti nan jibge a rumfarsa, ya feshe motar gaba ɗaya mu huta. A nan ne kawai na taɓa ganin ransa ya ɓaci. Ya ce, "Motag ga ba taka ta ba kai ɗai. Ta masu jiranta ta. In ka tahi musu da hwarar mota, wa za ya hito?" Ban sake tayar da zancen farin fenti ba.

Na ɗauka sabon kore zai saya ya fesa. Ashe ba haka ba. Ya buɗe ƙofar motar ya nuna mini cikinta, inda rana ba ta taɓa kaiwa ba, kore shar. Sannan ya nuna mini wani ɗan wuri a saman rufi da kwalta ba ta samu ba, wanda ya koɗe ya yi fari-fari. "Wancan kai ka sane shi," ya ce. "Su wanga sunka sani, wanda rana tac ci." Ya zauna da gwangwanaye yana ɗiga fari, yana ɗiga ƙasa-ƙasa, yana gwadawa a kan guntun kwano. Ya sa ni in riƙe kwanon in tafi can ƙarshen tasha, shi yana hange da hannu a goshi. Abokan sana'arsa suka yi ta dariya, wai Nomau ya tsufa har ya koma haɗa tsohon fenti. Shi ma ya taya su dariyar, bai fasa ba.

Ya gama goshin motar da gefen dama, har ya ja ratsin. Gefen hagu ya cire kwaltar, ya cike ramukan, ya goge, bai kai ga fesawa ba. Abin da ya rage a gwangwanin haɗinsa ba zai rufe ƙofa ɗaya ba, kuma babu wanda ya san yadda ya haɗa shi. Bayan sadakar uku wani mai fenti ya ce zai feshe mini ita da sabon kore, kyauta, don girman marigayi. Na ce to, na dawo na ce a'a, na sake komawa na tsaya ina kallon motar. In na fesa, na binne aikin Malam na ƙarshe, kuma ban san ko za a gane ta ba. In na bari, rabin mota gare ni. Ga kasuwa tana matsowa, ga mutane can babu mai ɗauko su. Inna Rabi, mai ɗakin Malam, ita ta raba gardamar daga bayan labule, tana cikin takaba. Ta ce, "Labbo, ɗauki motakka ka tahi. Kullum ya komo gida, zancen mutanen nan shi kai."

Na tafi. Da na doshi ƙauyen farko na rage gudu, ban taɓa ham ba. Babu kowa. Na tsaya, na kashe inji. Can sai wata tsohuwa ta leƙo daga bayan rumbu, ta daɗe tana kallo, sannan ta juya ta ce, "Ku hito, tamu ta." Suka fito da buhunan gero, da kaji, da ƙoren nono. Wani dattijo ya zagaya ta hagu, ya ga gefen da ba a gama ba, ya tambaye ni abin da ya hana mai fentin ƙarasawa. Na ce masa ya rasu. Ba wanda ya taɓa ganin fuskar Malam Nomau a cikinsu. Dattijon ya tambayi sunansa, ya sauke buhunsa, sauran ma suka sauke nasu. A nan bakin hanya, inda mutane ba sa son daɗewa a tsaye, suka ɗaga hannu suka yi masa addu'a, ba wanda ya yi gaggawa, har da ni.

Ya Allah, ka ji ƙan bawanka Nomau, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka sa ya huta. Ka ba Inna Rabi da 'ya'yansa da Bello haƙurin wannan rashi, ka zama gatansu. Ka kawo mana zaman lafiya a ƙasar Gobir, har ranar da mutum zai fito bakin hanya ba sai ya leƙa ba. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.