Kukan Motar Yaya

A ranin da wayar salula ta fara shigowa garinmu motar yayana ta fara kuka. Tsohuwar a-kori-kura ce, da ita muke kwasar kwandunan tumatir daga gonakin bakin kanal zuwa kasuwa. Shi ke tuƙi, ni ina gefensa, ciniki ne aikina. Daga baya kukan yake fitowa, wani dogon gunji mai tashi yana sauka. Tun muna hanyar Bunkure matan gidanmu suke ji su ɗora ruwan tuwo, jakunan masu taki kuma su tsaya su amsa mata.

Kowa yana ji, ban da mai motar.

Yaya ya daɗe yana aiki a gidan injin casar shinkafa a Kura kafin ya sayi mota, injin nan ne ya ci masa kunne a hankali. Bai taɓa yarda ba. Cewa yake mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki in suna magana. Inna kuwa, mahaifiyarmu, ta riga ta yanke hukunci: ranar da ta tabbatar kunnensa ya tafi zai miƙa mini makulli, don ba za ta zauna tana jiran tanka ta yi masa hon a titin Zariya bai ji ba. Ni kuma na san raba Yaya da sitiyari daidai yake da kwantar da shi ciwo.

Wata safiya Inna ta tare shi a zaure, ta ɗaga murya.

"Wai kai ba ka jin abin da motar nan take yi ne?"

"Ina ji mana, Inna. Ai yau za mu kai ta gareji."

Da muka fita ya harare ni, kamar ni na sa mata kukan.

Matsalar ita ce bakaniken. Dattijo ne mai hannu, amma matarsa tare suke turara shinkafa da Inna, duk abin da ya gani da hantsi kafin la'asar yana gidanmu. Ya ce sai an zaga da shi, kuma direba ne zai faɗa masa: in an taka totur take kukan, ko in an saki? Yana canzawa a kwana? Muka nufi mota mu uku. Na yi wuf na shige tsakiya, na jingina gwiwata da ta Yaya. Ba mu shirya ba, amma ya gane.

Muka hau hanyar kanal. Da kukan ya tashi sai in danna masa gwiwa.

"Ka ji ta ko, Malam!" in ji Yaya. "Kullum haka take hana ni sakat!"

In ya saki totur ta yi shiru, in janye ƙafa, ya girgiza kai ya ce, "Ka ga ta yi laƙwas." Abu yana tafiya daidai har Yaya ya fara ƙari, yana kwaikwayon kukan da baki, wani irin sauti da motar ba ta taɓa yi ba. Sai muka tsaya don garken shanu ya wuce. Ƙafata ta yi sanyi, na motsa ta.

"Ga shi nan kuma!" Yaya ya daka tsawa, mota tana tsaye cik.

Bakanike ya dubi shanun, ya dubi gwiwata, ya daɗe yana sosa gemu.

"Lallai Alhaji, kunnenka ya fi nawa," ya ce.

A gareji ya yi mana bayani. Tunda kwana ba ta canza kukan, ba boris ɗin taya ba ne. Tulun ƙarfen nan ne da ke tsakanin tayoyin baya, mai raba musu juyi. Ya kwance ƙusar ƙasansa, man ya zubo fari-fari kamar kunun kanwa, da ɓarɓashin ƙarfe yana walƙiya a ciki. Ruwan da muke kutsawa in kanal ya yi ambaliya ne ya shiga, haƙoran ciki suka cinye juna. Washegari muka sayo wani tulun na hannu, ɗan Kwatano, a kasuwar Ƙofar Ruwa. Aka ɗaga mota, aka cire tayoyi da farfela, sandar da ke kai musu juyi, aka ɗaura tulun, aka zuba sabon mai. Duk tsawon aikin ina jiran dattijon nan ya yi maganar gwiwa, bai yi ba. Har Inna ta rasu ban ji alamar labarin ya kai mata ba.

Da yamma muka kamo hanyar gida, mota tana tafiya sumul, ba ka jin komai sai kwaɗin fadama. Muka wuce gada. Sannan Yaya, idonsa a kan hanya, ya rage murya, shi da bai iya magana a hankali ba.

"Ya daina?"

Tausayinsa ya kama ni. Na matso kusa da kunnensa na ce ya daina.

Ya gyaɗa kai, ya gyara riƙon sitiyari.

"To. Kar ka gaya wa Inna na tambaya."