Hawan Jinin 'Yar Geum-ja

Shekara ashirin da uku Pyo Geum-ja ta yi tana aiki ɗaya a ɗakin binciken wata jami'a a birnin Daegu. Kullum da safe sai ta karɓo cibiyoyin jarirai daga ɗakin haihuwa, ta wanke, ta kankaro ƙwayoyin halittar da ke shimfiɗe a cikin jijiyar jini, ta yi renonsu a faranti. Karatunta bai wuce sakandare ba, amma hannunta ba ya rawa. In aka ɗiga musu sinadarin homon, sinadarin kalsiyam ya motsa a cikinsu, sai su yi ta ƙyalli kore a madubin duba ƙwayoyin halitta. Wannan motsin ne ke sa jijiya ta saki, jini ya wuce. Ta daɗe da lura cewa na matan da ciki ya jawo wa hawan jini, ƙyalli ɗaya suke yi su dushe.

Ranar wata Lahadi 'yarta tilo, Hye-rim, ta zo cin abinci da cikin wata bakwai, ƙafa ta ƙi shiga takalmi.

"Umma, daina yi mini wannan kallon. Wace mai ciki ce ba ta kumbura?"

"Kanki na ciwo?"

"Kaɗan."

Geum-ja ta kashe murhu ta ja ta asibiti. Nan take aka ba ta gado.

Washegari Geum-ja ta tari Farfesa Seok, shugaban ɗakin binciken, a bakin ofishinsa.

"Malam, ruwan maganin nan da muka gwada bara, ƙwayoyin sun farfaɗo. Da idona na gani. A ba 'yata."

"A faranti ne, Geum-ja. Ko ɓera ba mu ba wa ba."

"To ni me nake yi nan tun ina da baƙin gashi?"

Ya sunkuyar da kai. Ta tsaya har ƙafarta ta gaji, sannan ta tafi.

Likitoci suka ce maganin ɗaya ne, a ciro ɗan. Hye-rim ta kafe sai an ƙara mata mako biyu ya yi ƙwari. A kwana na huɗu ta fara gani dishi-dishi. Geum-ja ta durƙusa gaban gadon, ta riƙe kumburarren hannun.

"Ke ɗanki kike ji, ni tawa nake ji. Sa hannu a takardar tiyatar, don Allah."

Hye-rim ta juya fuska wajen bango tana kuka, amma ta sa.

Namiji aka ciro, da ƙyar ya kai kilo ɗaya, aka sa shi a kwalba. Jinin uwar bai sauka ba sai bayan kwana tara. Geum-ja ta ɗauki hutu, kullum tana kai mata miyar ganyen teku ta masu jego, ba ko ɗigon gishiri.

"Umma, wannan ai ruwan wanki ne."

"Shanye. Sun ce yau za su bar ki ki taɓa ƙafarsa."